Zabo Yana Cikin Yashi

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe 6 na safe

Bakwai. Sau biyu na ƙirga.

Kayenka, littafin da kake rubuta abincin kifi da ranar canjin ruwa, na ɗauka, Baban Nusaiba, don ba ni da wanda zan yi wa magana bai ce mini "sai haƙuri" ba. In ka dawo ka yi faɗa, na yarda. Ranar Alhamis ka fita, ka ce kwana biyu, kaya kawai za ka sauke Katsina ka juyo. A bakin ƙofa ba ka ce in kula da kaina ba, ba ka ce in kula da ɗiyarka ba. Cewa ka yi, "Atika, bakwai na bar miki, bakwai zan tarar." Na ce to, Allah ya kiyaye hanya, mijin kifi. Ka yi dariya. Yau kwana huɗu.

Yayanka Tanko yana Ɗan Issa tun jiya. An ga motar. Motar kaɗai.

Litinin, bayan azahar

Mata sun cika gidan, wai jaje. Rabinsu akwatin gilashin nan suka zo gani. Shekara uku suna jin labarinsa, yau sun samu ƙofa. Jummai maƙwabciyarmu mai ƙanƙara ita ke yi musu bayani kamar ita ta haifi kifayen: wai ruwan teku ne, wai ɗaya-ɗaya ka riƙa ɗauko su daga Legas cikin leda a ƙarƙashin kujerar mota, wai duwatsun nan masu fure rai gare su, murjani ne tun ba a yi tsakiya da shi ba. Wata tsohuwa ta ce, "To ana ci?" Jummai ta ce ko loma ɗaya ba su kai ba. Tsohuwar ta riƙe haɓa ta ce, "Ga tabki nan maƙil da tarwaɗa, mutum ya tafi Legas neman wanda ba a ci!"

Da makon jiya ne da na taya ta. Abin da nake faɗa maka ke nan tun ranar da ka kafa sola a rufin ɗaki saboda kifi, ni kuwa ina fama da mafici. Yau ji na yi kamar in kore ta da tsintsiya.

Ras ka ce sunan irinsu, amma kowane ka raɗa masa nasa. Wanzami, mai bin sauran yana tsince musu jiki. Ɗan Duwan, kwastan ke nan, da ba mai wucewa gabansa bai tare shi ba. Amarya, Gwaiduwa, Mai Lalle. Sai Zabuwa mai ɗigo-ɗigo da mijinta Zabo, shi ja da kore, sunan matarsa kawai ya ci. Shi ne na gaban goshinka. Kafin ka gaishe ni da safe shi kake gaisarwa, kada ka musa.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

Na tura Nusaiba Maraɗi wurin ƙanwata Zahara'u. Ba na so ta riƙa jin abin da manya ke faɗa in sun ɗauka yara ba sa ji.

Ruwan akwatin ya sauka yatsa uku daga layin da ka ja da biro. Zafi ne ke shanye shi. Bido biyu gare ka bayan ƙofa, jarkokin ruwa, shuɗi da fari. Na san a shuɗin kake haɗa ruwan gishiri, na sha ganin ka kana awo da gwangwani kana motsawa da sanda. Kifin teku ne, ruwan teku suke so, wannan ko jariri ya sani. Na cika musu daga shuɗin har layi. Ka gani, ba kallon banza nake yi maka ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu, ƙarfe 6

Bakwai. Mako guda.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan la'asar

An kira wayar Yaya Tanko yana zaune a zaurenmu. Ya duba lambar, ya tashi ya fita waje ba takalmi. Ta katanga na ji yana ta cewa, "To a ba shi in ji muryarsa. A ba shi mana." Da ya shigo na tambaye shi, ya ce, "Ki ci gaba da addu'a, Atika." Na ce Yaya, addu'a ina yi, tambayarka na yi. Ya sa takalminsa ya tafi.

Na ƙara ruwa.

Litinin, 14 ga Afrilu, da magariba

Ranar nan ba ta da kyau tun farkonta. Wuta ta ɗauke tun asuba, batirin sola famfon ruwa kaɗai yake iya ja, fankar da ke hura saman akwatin ta tsaya. Da azahar na taɓa gilashin na ji shi kamar goshin mai zazzaɓi. Na ruga wurin Jummai ta ba ni gorar ƙanƙara huɗu, ta ƙi ma in yi mata godiya. Na ɗage ragar da ke rufe saman, ina jera gorunan cikin ruwa, sai na ji sallamar Yaya Tanko da wata irin murya da ban san shi da ita ba. Na fita da hannu jiƙe.

Baƙar leda ce a hannunsa. Ya ce wani makiyayi ya tsinta a bakin daji. Ban karɓa ba, amma na ga bakin hular, mai zaren shuɗi, wadda na wanke maka ranar Laraba. Na ce hula ce, hula faɗuwa take, ni kaina sau nawa ɗankwalina ya faɗi a kasuwa? Ban san tsawon zaman da na yi a ƙasa ba. Sai bayan la'asar na koma ɗaki na maida ragar.

Ledar tana saman firigo. Ba zan buɗe ba.

Talata, 15 ga Afrilu, ƙarfe 6

Shida nake gani. Zabo bai fito ba.

Gabana ya faɗi, sai na tuna. Lokacin da ka kawo shi, ana sakin sa ya nutse cikin yashin ƙasan akwatin, kwana tara ba a gan shi ba. Na ce kuɗinka sun bi ruwa, na ɗauko cokali zan tona, ka riƙe mini hannu. Ka ce, "Kada ki tona. Haka suke, in sun tsorata yashi suke shiga. Ranar da hankalinsa ya kwanta da kansa zai fito. In kika tona, ke kika kashe shi." A kwana na goma ya fito yana taƙama kamar ba shi ba.

Jiya na tsorata shi da gorunan ƙanƙara, shi ke nan. Bakwai, har da na cikin yashi.

Laraba, 16 ga Afrilu, da rana

Kiyashi sun yi layi a bango bayan teburin akwatin. Na share su. Shuɗin bido ya ƙare, na haɗa sabo da awonka, na cika har layi.

Juma'a, 18 ga Afrilu, ƙarfe 7

Amarya ta mutu. A jikin dutse na same ta a kwance, kalarta ta koɗe. Na binne ta gindin lemun tsami, ina yi ina waige kamar ɓarauniya. Shida. Wayyo Allah, me zan ce maka?

Lahadi, 20 ga Afrilu, bayan azahar

Gwaiduwa.

Me na yi musu? Abinci ina ba su a kan lokaci, ƙanƙara kullum, ruwa ban taɓa bari ya sauka daga layinka ba, wani lokaci sau biyu a rana nake cikawa. Murjanin ma ya tsuke, gefensa ya fara fari. Na tsaya gaban gilashin na zazzage su tas. Na ce ku marasa mutunci ne, mutumin da ya hana kansa barci saboda ku bai yi kwana ashirin da fita ba za ku watse? Ku jira shi mana! Kowa ya jira shi! Jummai ta leƙo ta taga ta ce da wa nake. Na ce da rediyo.

Biyar.

Talata, 22 ga Afrilu, da yamma

Innarka Balaraba ta zo daga ƙauye da ƙullin kayanta, ta ce nan za ta zauna sai abin da Allah ya yi. Ka san tsakaninta da akwatin nan. Ita ce ta ce an shigo da tabki ɗaki, saura kada.

Ta same ni ina ɗaga shuɗin bido, Mai Lalle kuma yana sama yana ta buɗe baki. Ta ce, "Mi kike zuba musu?" Na ce ruwan gishiri, Inna, irin nasu. Ta ce, "Kullum?" Na ce kullum, rana ke shanyewa. Ta ɗaga gefen raga ta tsoma yatsa ta lasa. Ta tofar. Ta tsoma cikin bidon ta lasa. Sannan ta dube ni yadda ba ta taɓa duba na ba tun da aka kawo ni gidan nan.

Ta ce, "Ke Atika, shekara nawa kina girki? In miya ta tsotse bisa wuta, ruwa ake ƙara mata ko gishiri?"

Na yi tsaye da bido a hannu.

Ta ce, "Rana ruwa take sha, ba ta shan gishiri. Yana nan inda kika zuba shi. Wanga na akwati ya fi na bidon ɗaci nesa ba kusa ba. Farin bidon can na mi ne?"

Ruwan daɗi ne, Baban Nusaiba. Tatacce. Shekara uku ina ganin ka da farin bido kowace safiya, ban taɓa tambaya ba, ina can ina yi maka tsiya. Na lalubo ɗan ma'aunin nan mai allura da ke cikin akwatin kayanka, na cika shi da ruwan. Akwai inda ka yi alama da jan biro. Allurar ta wuce alamar ta je ta kafe a ƙarshe.

Na so in juye farin bidon gaba ɗaya. Inna ta buge mini hannu ta ce, "Kaɗan-kaɗan, kada ki gigita su." Ita ta riƙe kofi, ni ina kuka ina miƙa mata.

Laraba, 23 ga Afrilu, ƙarfe 6

Mai Lalle bai kai safe ba. Huɗu, har da na cikin yashi.

Da hannuna. Ba zafi ba ne, ba wuta ba ce, ni ce, kullum da bismillah nake zuba musu ajalinsu. Tsoro nake ji, in faɗa maka gaskiya. Na sa a raina muddin suna nan kana nan, ban san wanda ya gaya mini haka ba, amma na kasa cirewa.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da hantsi

Allura ta dawo kan jan biro. Wanzami ya koma sana'arsa, Ɗan Duwan ya koma tare hanya. Abincinsu na firigo ya ƙare, na daddatsa ɗanyen kifin tabki ƙanana-ƙanana, sun ci. Zabuwa tana ta tsince-tsince a jikin duwatsu.

Inna ta ja tabarmarta gaban akwatin, nan take jan carbi yanzu. Ta ce wai don ya fi sanyi.

Na durƙusa na gaida yashi. Na ce Zabo, ruwa ya gyaru, fito.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan la'asar

Wani mutumin garin Sarkin Yamma ya dawo gida. Malam Usman sunansa, yana cikin waɗanda ka ɗauka a motar ran nan. Da ƙafa ya iso, an ce ƙafafun duk sun fashe. Yaya Tanko ya je ya gan shi da safe. Da ya dawo bai shigo wurina ba, ɗakin Inna ya shiga, suka daɗe. Ban ji kuka ba. Da na ji kuka da ya fi mini.

Sannan ya tsaya bakin ƙofata ya ce, "Atika, mutumin nan yana so ya gan ki. Akwai saƙo a bakinsa."

Na ce ba na karɓar baƙi.

Ya ce, "Tare suke har kwana goma sha ɗaya. Ya gani da idonsa."

Na ce idon wanda ya yi mako uku a daji da yunwa, uwarsa ma zai iya gani a kan itace.

Ya ce, "Dangi suna tambaya yaushe za a shimfiɗa tabarmi. Ke ma akwai abin da ya hau kanki, kwanaki suna tafiya."

Allah ya yafe mini, na ɗaga wa yayanka murya. Na ce duk wanda ya shimfiɗa tabarmar gaisuwa a ƙofar gidan nan, ni da kaina zan naɗe ta in jefa tabki. Na ce mutum ya ce mini zai dawo ya ƙirga kifinsa, ku kuna neman ku sa ni takaba da rai? Ya ce, "Allah ya sanyaya miki." Wannan ya fi zagi ciwo.

Zabo kwana goma sha huɗu. Wancan karon tara ne, amma wancan karon ba a zuba masa gishiri ba.

Laraba, 30 ga Afrilu, ƙarfe 6

Huɗu, har da na cikin yashi. Ban tona ba.

Alhamis, 1 ga Mayu, da sassafe

Yashi ya motsa! Na ƙwala wa Inna kira, ta taho da gudu zane a hannu. Zabuwa ce ta tashi daga barci, ita ma cikin yashi take kwana. Inna ta koma tabarmarta.

Na lura fuskar Zabuwa ta yi wani iri. Kore-kore ya fito mata a kumatu, ɗigon jikinta kamar suna haɗewa. Kada dai wata cutar ce kuma. Na auna ruwa sau uku, lafiya lau.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan azahar

Nusaiba ta kira da wayar Zahara'u. Ba ta tambaye ka ba, an hana ta ke nan. Cewa ta yi, "Umma, kifin Baba nawa ne?" Na ce bakwai. Ta ce, "To ki gaida Zabo." Na ce zai ji.

Inna tana zaune tana jin mu. Da na ajiye wayar ta nuna gilashi da carbinta ta ce, "Zabuwar nan taki ta sake zane."

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe 6 da rabi

Ba cuta ba ce. Ci take kamar me. Jikinta ya yi ja, koren ya sauko har gadon baya. Yau ta kori Ɗan Duwan daga bakin kogon dutse, ta baje ƙayar bayanta tana zagaye akwatin. Mutum ɗaya na sani mai wannan tafiyar a cikin ruwan nan.

Akwai maganar da ka taɓa gaya mini. Ba zan rubuta ta ba.

Talata, 6 ga Mayu

Huɗu. Huɗu. Huɗu.

Laraba, 7 ga Mayu, da la'asar

To bari in rubuta, ko ta bar ni in sha iska.

Ranar wata Juma'a ce, kana goge gilashi ina tsince shinkafa. Ka ce, "Kin san irin su Zabo duk mata ake haihuwarsu? In namijin ya tafi, babbar macen sai ta sake kala ta zama namiji, ta riƙe gidan." Na ce astagfirullah, ƙaryar direbobi ta motsa. Ka rantse. Na ce to Zabuwa me take jira? Ka ce, "Muddin yana cikin ruwan ba za ta canza ba, ko yana ƙarƙashin yashi tana jin sa. Sai in babu shi." Na ce Allah ya tsare ni da irin wannan gado, muka yi ta dariya har shinkafa ta zube.

Na zauna gabanta tun azahar ina roƙon ta ta koma yadda take.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe 9 na safe

Ban tona yashi ba. Wannan dai na cika maka.

Bayan tebur na duba, inda kiyashi suka yi layi ran nan na share su ban bi sawunsu ba. Teburin ba ya matsuwa, sai na kwanta a ƙasa da tocila na zura tsintsiya. Ƙura ta fito, da murfin biro, da wani ɗan kunnen Nusaiba da muka daɗe muna nema. Sannan shi.

Ya bushe ƙayau, bai fi ɗan yatsana ba. Kiyashi sun cinye idon. Saura ɗan kore a gindin wutsiya, da shi na gane shi. Sau nawa ka gaya mini tsalle suke, kada a bar ragar a buɗe ko na minti ɗaya? Ranar hula ce. Tun ranar yana nan a ƙasa, taku ɗaya daga inda nake durƙusawa. Kwana ashirin da huɗu ina gaida yashin da ba kowa a cikinsa.

Ban yi ihu ba. Inna ta durƙusa kusa da ni, gwiwoyinta suna ƙara, ta karɓe shi daga tafina ta ƙulle a bakin zanenta. Ta ce, "Autana ya so abin nan." Tun da ta zo sai yau ta ambace ka. Muka zauna a ƙasa mu biyu, famfon ruwa yana ta aikinsa.

Da na iya tashi na sauko da ledar daga saman firigo na buɗe. Taka ce. Na aika Jummai ta kira Yaya Tanko. Da ya zo na ce, Yaya, ka yafe mini maganar ran nan. Ka ce wa Malam Usman ya zo, zan saurara.

Alhamis, bayan la'asar

Ya zo da sanda, ya zauna daga bakin ƙofa. Na saurara har ƙarshe, ban katse shi ba. Ba zan rubuta ba, nawa ne. Abu ɗaya kawai: ya ce ka yi ta ba waɗanda aka kama ku tare labarin kifi don su daina kuka, har suka ɗauka zafi ne ya taɓa ka. Na ce a'a, haka yake.

An shimfiɗa tabarmi. Na cire ƴan kunne. Gobe Zahara'u za ta kawo Nusaiba, kuma ni zan gaya mata, ba wani ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe 6 na safe

Na ƙara ruwa daga farin bido. Na ba su abinci, Zabuwa ce ta fara ci.

Uku ne, Baban Nusaiba. Ka yafe mini.